Birnin da Ba a Rufa wa Kowa Asiri

Abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, ni Barmo wanzami, ba a bakin wani na ji ba. Wanda bai yarda ba ba zan ga laifinsa ba, don ni da na je na dawo ma har yau akwai wuraren da kaina bai ɗauka ba.

Shekara hamsin ina wanzanci. Na yi aski a Damagaram, na yi ƙaho a Agege, na zauna Kumasi shekara shida. Ranar da ubana ya ba ni aska ya ce duk abin da na gani a jikin mutum kada bakina ya faɗa, ko da wuƙa a wuyana. Na ga ƙuraje a inda ba a nunawa, na ga tabon bulala a bayan manyan mutane, ban taɓa faɗa wa ko matata ba.

Wata rana da rana tsaka ina gindin tsamiyar da nake zama a bakin kasuwa, sai ga wani dogon tsoho, gashi har kafaɗa, yana tafiya ƙafarsa ba ta barin sawu. Ya zauna a tabarma ya ce in aske shi tas. Na jiƙa kan, na wasa aska, na fara. Da na zo ƙeya sai na tarar da ido, ido sosai da girarsa, yana kallona. Hannuna bai tsaya ba. Na kewaye idon a hankali, har na share masa kumfar da ta kusa shiga ciki.

Da na gama ya ce, "Wanzami, me ka gani a ƙeyata?"

Na ce, "Gashi na gani, ranka ya daɗe, na kuwa aske shi."

Ya yi dariya ya ce, "Na zauna gaban wanzamai tara kafin kai. Takwas sun gudu, ɗaya ya tambaye ni ko yana yi mini ciwo." Ya zaro wani farin ƙaho da bai fi tsawon yatsa ba ya miƙo mini. "Ranar da ciwo ya gagare ka, kafa wannan a jikin mai ciwon ka tsotsa sau ɗaya. Amma ka sani, inda zai kai ka ba lalle su yaba halin da na yaba ba."

Na sunkuya in saka shi a zabira, jakar da nake zuba kayan aikina. Da na ɗago babu tsoho, babu ko gashin da na aske.

Damina biyu bayan haka Gwamma ta kwanta. Gwamma matata ce, shekara arba'in da ɗaya muna tare, daddawa take yi, kuma duk unguwarmu ba mai bakinta. Abin ya fara da mura, ya koma tari, sai zazzaɓi, sai numfashinta ya riƙa fito kamar ana busa kara. Ni da 'yarmu Rakiya muka kai ta asibiti. Likita ya ce irin ƙwayar cutar nan ce da allura ba ta kashewa, jikinta ne zai yi faɗan da kansa. Ya ba da maganin zazzaɓi, ya ce a yi ta ba ta ruwa, in numfashin ya ƙara tsanani a dawo da ita. A kwana na uku ta daina yi mini faɗa. Na ajiye takalmina a kan tabarmarta da gangan, ta kalla ba ta ce komai ba. A nan na tsorata.

Da hantsi, Rakiya tana waje tana dama kunu, na ɗauko farin ƙahon na kafa a tsakanin kafaɗun Gwamma na tsotsa. Maimakon in tsotsi ƙaho, sai ƙaho ya tsotse ni.

Na faɗo a wani dogon titi mai laima, kamar cikin rami amma da haske ja-ja. Gidaje jere bango da bango, ko allura ba za ta shiga tsakaninsu ba. Iska tana shigowa ta tura ni gaba, ta tsaya, ta dawo ta tura ni baya. A kan kowane soro akwai tsintsiyoyi tsaye suna shara da kansu, duk suna turawa waje ɗaya. Can nesa ana kaɗa wata babbar ganga ba hutawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a ƙofar kowane gida an ajiye faifai, duk saƙa iri ɗaya, a kai an barbaɗa 'yan ɓarɓashi.

"Lale da baƙo," in ji wata murya. Na juya sai na ga mace a ƙofa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ita ce bangon gidan. Ita da gidan abu ɗaya ne. "Ba ka da ƙofa, ba ka da faifai. Kai wane irin gida ne?"

Na ce, "Ni ba gida ba ne, baiwar Allah, mutum ne."

"Ban san wannan ba. Amma matso inuwata, don in Haɗiyau suka gan ka a tsakiyar titi haɗiye ka za su yi, ba sa tambaya." Ta ba ni ruwa a tafin hannunta, mai ɗan gishiri, na sha na ji ƙarfi. Ta ce ita mai shara ce, kamar duk 'yan unguwar, aikinsu su ture duk dattin da iska ta shigo da shi.

Na nuna faifan na ce, "Wannan fa, talla kike yi?"

"Duk abin da ake ƙerawa a cikin gidana, sai in ɗebi kaɗan in daddatsa in ɗora a nan. Kowane gida a birnin nan haka yake yi, ba tsayawa."

"Don me?"

"Don masu wucewa su taɓa, su san abin da ke ciki."

"In abin kunya ne a cikin fa?"

Ta ce, "Mene ne kunya?"

Kafin in haɗa amsa ta ce kwana biyu ba ta jin daɗin jikinta. Wani ɗan baƙo ya shigo mata, ƙarami, jikinsa duk ƙaya kamar ƙarangiya, ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa ma'aikatanta wata takarda. Tun daga nan ba sa ƙera komai sai irinsa.

Na leƙa ta kafaɗarta. Ɗakunan cike suke da ƙarangiya, tsibi-tsibi, suna motsi, wasu suna sulalewa suna shiga gidajen maƙwabta. Na dubi faifanta, a cikin fararen ɓarɓashin ga baƙaƙen gutsattsarin ƙaya a fili, kowa zai gani.

Ni dai abin da na gani shi ne mace mai kirki, ta ba ni ruwa ba ta san ni ba, an yaudare ta an mai da gidanta maɓoyar miyagu, ita kuma don rashin wayo tana shelar abin a bakin ƙofa. Na tsuguna na tsince baƙaƙen na zuba a zabira. Na ciro tsintsiya guda na share mata ƙofa fes, na haɗa da na maƙwabta huɗu.

Ta ce, "Me kake yi?"

"Sutura nake yi miki."

"Wannan ma ban san shi ba."

"Za ki gode mini wata rana."

Ba a jima ba sai ga wani halitta ya doso titi, jikinsa ƙarami amma hannuwansa ba sa ƙirguwa, yana laluben ƙasa da bango yana cewa, "Me aka zubar? Wa ya faɗi? Me ya shigo?" Na baza babbar rigata na tsaya a ƙofar mai sharar kamar ina shan iska. Ya lalube ƙasa ya ji ta fes, ya ɗan tsaya kamar yana shakka, ya wuce. Na ji daɗi a raina, na ce yau ma na fitar da wani kunya.

Maƙwabciyarta ta hagu nata ya fi muni, ina tsincewa tana ƙara ɗorawa. Na gaji na ce mata, "Ke naki ya yi yawa. Shigar da faifan ciki gaba ɗaya har abin ya lafa." Ta shigar.

Ko numfashi goma iska ba ta yi ba sai ga wasu dabbobi kamar kuraye, ba su da idanu, suna tafe suna dungurar kowace ƙofa da hanci. In suka ji faifai sai su wuce, ba ruwansu da abin da ke kai. Da suka zo ƙofar da ba faifai suka tsaya. Ɗaya ya kafa baki a bango. Matar ta dube ni sau ɗaya, gidan ya lotsa ya zube.

Mai sharar ta ce, "Ƙofar da ba faifai ba a tambayarta komai. Miyagun baƙi sukan sa gida ya ɓoye faifansa, shi ya sa aka ajiye waɗannan."

Na ce, "Tsaya in gane. In da an ga baƙin da ke faifanki, me za a yi miki?"

"Rushe ni za a yi."

"Wanda ya nuna a rushe shi, wanda ya ɓoye a rushe shi. To wa ke tsira a garin nan?"

"Birnin."

"Wane birni?"

"Wanda kake ciki. Ba mu taɓa ganinsa daga waje ba, amma mukan ji ana kiran sunansa ta cikin bango. Gwamma ake cewa."

Na zauna daɓas a ƙasa. Sai a lokacin na lura iskar ba ta da ƙarfin da na tarar da ita, kuma tun daga inda nake har ƙarshen titi rabin tsintsiyoyin sun daina motsi.

Ta ce, "Mai hannuwan nan da ya wuce shi ne Mai Kai Shaida. Shi ke tsintar abin da baƙo ya zubar ya kai Kaluluwa. In bai kai komai ba, ba wanda zai zo. Ya tafi hannu banza."

Shaidar kuwa tana zabirata.

Na tashi da gudu, ni da rabona da gudu tun ina saurayi. Na bi ta wata 'yar kafa da ta nuna mini na faɗa wata fadama mai yauƙi a bayan gidaje. A nan na haɗu da Haɗiyau, wani ƙaton abu kamar tulin ƙullu, ba kai ba ƙafa, yana malalowa yana haɗiye duk abin da ya taɓa. Ya kama gefen rigata. Na ce masa ni baƙon alheri ne, bai ko ji ba. Na tuɓe rigar na bar masa, na tsira da 'yar shara da zabira.

Daga nan na faɗa wani farin kogi mai tafiya a hankali. Kowane ɗan nisa akwai ƙofa mai ganye biyu, in ka wuce sai ta rufe a bayanka, ba komawa. Na ƙirga ƙofa goma sha tara kafin na hango hannuwan nan suna iyo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsaya, ka yi mantuwa."

Ya ce, "Ba na mantuwa. Titin a share yake."

"Ni na share."

Ya juyo da hannuwansa duka, suka kewaye ni. Na zazzage masa zabira. Ya ɗauki baƙaƙen ƙayoyin ya haɗiye, na ji yana taunawa, sai ga faya-fayai sun fito a tafukansa, iri biyu, wasu irin na ƙofar gidaje, wasu masu faɗi, kowanne da gutsuren ƙaya a kai. Ya ce ƙananan na Mashaida ne masu rushe gida, masu faɗin kuma na dattawa ne masu ba da izini. Kafin in ankara wani hannu ya tsinke mini rabin gemu, shi ma ya haɗiye.

Na ce, "Wannan kuma na mene ne?"

"Duk abin da na tarar a hanya sai na nuna. Ba ni ke yanke hukunci ba."

Haka muka isa Kaluluwa. Ni da na shekara hamsin ina taɓa kaluluwa a wuyan mutane da hammatarsu, ina ce musu mataccen jini ne ya taru, ashe zaure ne. Zaure kewayayye, ba a ganin ƙarshensa, cike maƙil da jama'a suna shiga ta nan suna fita ta can. Kowannensu ya ɗaga hannun dama, a tafin an sassaƙa wani ɗan rami, kuma ba ramin da ya yi kama da na wani.

Mai Kai Shaida ya tsaya a tsakiya ya baza faya-fayansa. Suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗora tafinsa a kan ƙaya, ya ji bai dace ba, ya wuce ko sallama babu.

Na tambayi wani dattijo mai farar fuska da ke kusa, "Wa ya sassaƙa musu hannuwa?"

"Ba wanda ya zaɓa. Kowa da abin da ya faɗo masa tun yana makaranta, can bayan ƙashin ƙirji. Wanda tafinsa ya dace da kayan 'yan gari ba ya fitowa daga makarantar da rai. Sauran sai a sake su su yi ta zagaye."

"Suna neman me?"

"Abin da ya dace da tafinsu."

"In babu shi a duniya fa?"

"Sai su mutu ba su yi aiki ba. Yawancinsu haka suke yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga sojoji a ƙasa huɗu, ban taɓa ganin inda ake ɗaukar mutum aiki don abokin gabar da ba a haifa ba tukuna."

Ya ce, "Ku a wajenku baƙo yana aiko da kamanninsa kafin ya zo?"

Ina nan sai wani ya ɗora tafi a kan faifan da ke ɗauke da gemuna ya tsaya cak. Na ce shi ke nan, yau matata za ta kashe ni da gaske. Dattijon ya matso ya shinshina ya ce, "Sake shi. Mun san wannan. Shekara arba'in iska tana kawo mana ƙurar gashinsa da warin sabulunsa. Ba ya ɓarna, surutu ne kawai." Wancan ya sauke hannu ya wuce, kamar ma ya ji haushi.

Ban san kwana nawa muka yi ba, don can ba rana ba wata, sai ganga. Zafi yana ta ƙaruwa har bango yana gumi. Na ce wuta ce ta tashi? Aka ce su suka hura da kansu don baƙi ba sa son zafi. Masu shigowa ta farin kogi suna kawo labari, titi kaza ya daina shara, titi kaza ruwa ya cika shi. Dubu suka wuce, dubu suka sake wucewa, ba wanda ya dace. Na fara yi musu tsawa su yi sauri, ba wanda ya kula ni.

Can sai ga wani ramamme ya shigo, ya ɗora tafinsa a kan ƙayar kamar wanda ya saba da a'a, har ya ɗaga ƙafa zai wuce, sai hannun ya ƙi tashi. Ya dubi hannun, ya dubi ƙayar. A hankali ya ce, "Wannan nawa ne." Aka ce shekararsa talatin yana zagaye.

Na ce to, a tashi mana. Ba wanda ya motsa. Wani daga cikin dattawan ya zo ya ɗora nasa tafin a kan faifai mai faɗi, shi ma ya dace. Sannan ya ɗaga murya. "Tafi ya dace, amma dacewa kaɗai ba ta isa a ɗaga hannu a kan 'yan gari ba. Mai Kai Shaida, ka ga ɓarna a inda ka samo wannan?"

"Ban gani ba. An share titin kafin in zo."

"To ba izini. Sau da yawa ana kawo mana ƙurar fure da ɓarɓashin abinci. In muka tashi a kan kowanne, mu za mu cinye birnin kafin baƙo."

Mai Kai Shaida ya nuna ni da hannuwa wajen arba'in. "Wannan ya gani."

Duk zauren ya juyo. Na yi gyaran murya na ce, "E to, akwai 'yar matsala a wata unguwa, a wasu gidaje, amma mutanen kirki ne, ba sai an kama suna ba. Ba za a iya zuwa a yi musu magana a asirce ba, a fitar da baƙin a bar gidajen?"

Dattijon ya ce, "Gidan da ya karɓi takarda ba ya daina ƙira sai ya faɗi. Wanzami, saurari gangar."

Na saurara. Tana sauri amma ba ƙarfi, kamar makaɗin ya gaji.

Na faɗa. Na faɗi unguwar, na faɗi abin da na gani a ɗakunan matar da ta ba ni ruwa, tsibi nawa, da yadda suke sulalewa gidan maƙwabta. Na faɗi wadda na sa ta ɓoye faifai. Tunda nake ban taɓa jin bakina da ɗaci irin na ranar ba.

Dattijon ya dafa ramammen ya ce, "An ba ka izini." Nan take ya rabu biyu, kowanne da tafi iri ɗaya. Biyu suka zama huɗu, huɗu takwas, na bar ƙirga. Zauren ya riƙa kumbura yana miƙewa don ya ɗauke su. Aka ware wasu kaɗan aka ce su ba za su ƙare da wannan yaƙin ba, za su zauna da tafin nan muddin birnin yana tsaye, ko baƙon zai sake dawowa.

Muka fita ta jan kogi, mai gudu kamar ambaliya, cike da wasu jiragen ruwa kewayayyu ba matuƙa. Muka ratsa ta cikin gidan gangar kanta, ta matse mu ta watso mu, na rasa hulata a nan. Da muka zo daidai unguwar iska bangon kogin ya yi danƙo, Mashaida suka manne suka kutsa, ni ma na bi.

Suka bazu ƙofa-ƙofa. Gidan da faifansa fari ne su taɓa su wuce, ko da yana manne da mai ciwo. Wanda tafinsu ya dace da abin da ke kai, sai su jingina goshi da bango kamar masu raɗa, gidan ya fara naɗe kansa, ya ƙulle kayansa ƙunshi-ƙunshi har da ƙarangiyar, Haɗiyau su zo su kwashe. Ba ihu, ba jini.

Na riga su isa ƙofar mai sharar. Tsintsiyoyinta sun zube saura biyu, suna ɗan motsi. Faifanta baƙi ƙirin, ta cika shi har yana zuba.

Ta ce, "Ka dawo. Ina rigarka?"

"An cinye. Baiwar Allah, ni na faɗa musu."

"Ai don a faɗa nake ɗorawa."

Wani Mashaidi ya iso. Na sha gabansa na ce masa wannan ta taimake ni, a bar ta ta ƙarshe, ko a duba wata dabara. Ya tsaya yana jira kamar an sa dutse a hanyarsa. Ita ta ce, "Ba ya ji da kunne, da tafi yake ji. Matsa daga ƙofata, wanzami. Amma kafin nan in tambaye ka. Kai da ka zo daga waje, ka taɓa ganin Gwamman nan da muke yi wa shara?"

Na ce na gan ta.

"Yaya take?"

Na ce gajera ce, tana da wushirya, in tana dariya sai ta riƙe ciki. Na ce in ta buɗe tukunyar daddawa har layi na uku ana sani. Na ce ta binne 'ya'ya biyu ta raini huɗu, kuma in ta fara faɗa ba ta tsayawa shan iska.

Ta ce, "Tana tsayawa. Mu muka sani. To ba laifi. Ka gaishe ta."

Na matsa. Ya ɗora tafinsa a faifan, ya jingina goshi. Ta naɗe kanta tsaf, ta fi kowa iya ƙulli.

Ina tsaye a wurin sai titin gaba ɗaya ya tsuke, iska ta ja baya da ƙarfi, sannan ta taso kamar guguwa ta kwashe ni da ɓaraguzan gidaje da komai ta yi sama da mu.

Na buɗe ido na gan ni a tsakar ɗakinmu, ba riga ba hula, rabin gemu. Gwamma tana zaune a kan gado ta jingina da bango tana tari, jikinta sharkaf da gumi, kwanon kunu a hannunta ta sha fiye da rabi. Rakiya ta leƙo ta gan ni ta saki salati.

Gwamma ta dube ni sama da ƙasa. Muryarta a dishe take amma ta fito. "Sannu da zuwa, Malam. Kwana shida. Yarinyar nan ita kaɗai ta sake kai ni asibiti ta dawo da ni, ta aika nemanka har kasuwar ƙauye. Ina ka shiga?"

Na ce, "Ina nan kusa."

"Kusa ina? Dubi gemunka kamar akuya ta ci ta rage. Shekara arba'in ina wanke maka riga, ranar da na kwanta ka ɗauki ƙafa, ka dawo mini tsirara."

Ta ja numfashi don ta ci gaba, na ji ya shiga har ƙasa ba fito. Na zauna a bakin gadon ina saurare.

Ta ce, "Magana nake yi maka kana kallon bakina."

Na ce, "Akwai wadda ta ce in gaishe ki."

"Wace ce?"

"Wata mai shara."

"Ba ta da suna?"

Na buɗe baki, sai na tuna ban tambaye ta ba.